Wandunan jins huɗu da doguwar jaket ɗaya: nazarin wani aikin sauya fasalin kayan gwanjo

Wata mata ta kai wa telarta wandunan jins guda huɗu da ta zaɓo a gwanjo, tare da hoto a waya. Hoton na doguwar jaket ce mai buɗaɗɗen gaba, tsawonta har gwiwa, an haɗa ta da ƙyallayen jins kala-kala, wani shuɗi mai duhu, wani ya koɗe har ya kusa komawa fari. Abin da take so shi ne a farke wandunan a fitar mata da irinta. Telar ta daɗe tana ɗinkin mata, hannunta ya faɗa a yanka da haɗi, sai dai kusan duk aikinta da sabon yadi take yi, wanda za ta shimfiɗa ta yanka yadda ta ga dama.

Na ga aikin ya cancanci a rubuta shi saboda yadda irinsa ya yawaita a bidiyoyin intanet, inda cikin minti ɗaya ake nuna tsohon wando, a nuna almakashi, sai ga sabuwar riga. Abin da bidiyon ke tsallakewa shi ne ainihin aikin. Tsohon tufafi ya riga ya sha jiki, ya sha wanki, ya sha rana, kuma kowane ɓangarensa ya tsufa ta hanyarsa. A wannan aikin, duk shawarar da ta yi tasiri an yanke ta ne tun kafin almakashi ya taɓa yadi, kuma matsala ɗaya tilo da ta ɓullo daga baya ta fito ne daga wurin da aka tilasta wa yadin abin da ba ya so.

Abin da aka kawo

Telar ba ta amsa aikin nan take ba. Ta ce a bar mata wandunan ta wanke su tukuna, kowanne shi kaɗai, da ruwan zafi da sabulu. Dalilinta biyu ne. Na farko tsafta, domin kayan dila sun daɗe a matse, ga warin da suke zuwa da shi. Na biyu kuma wanki ne ke nuna halin yadi. Da suka bushe sai ta jiƙa farin ƙyalle ta goga a kan kowanne, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana hasko su da rana, sannan ta karanta ɗan ƙyallen bayanin da ke cikin ƙugu.

Wando na farko da na biyu na maza ne, manyan lamba, auduga zalla, masu kauri, ƙafafunsu a miƙe. Na farkon gwiwarsa ta yi laushi sosai, haske na ratsa ta. Na biyun lafiya lau, illa bakin ƙafarsa da ya ɗan tsefe saboda jan ƙasa. Na uku na mata ne, mai kama jiki, launinsa shuɗi mai haske irin na sararin sama, kuma shi ne mai kayan ta fi ƙauna. Bayaninsa ya nuna kashi 98 auduga, kashi 2 zaren roba. Na huɗu shuɗi ne mai duhu sosai, kusan sabo, bai kai na farkon kauri ba, kuma ya bar shuni a jikin farin ƙyallen.

Zubar wando na huɗu ba aibu ba ce. Haka ake yin yadin jins: zaren tsaye kaɗai ake rinawa da baba, zaren kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Rinin ma a saman zaren yake tsayawa, ba ya ratsa tsakiyarsa, don haka duk inda aka goge sai farin ya leƙo. Wannan ne sirrin koɗewar da mutane ke sha'awa, kuma shi ne haɗarin haɗa mai duhu da mai haske a riga ɗaya. Mai kayan ta kawo shawarar a jiƙa shi da gishiri don launin ya kama. Telar ta ce gishiri ba ya riƙe baba a jikin yadin da aka riga aka rina, maganinsa kawai a yi ta wankewa har rarar shunin ta fita. Haka ta yi, har sai da farin ƙyalle ya daina ɗaukar launi.

Lissafin tsawo

A nan ne hoton waya da wandunan da ke kan tebur suka fara saɓani. Jaket daga kafaɗa zuwa gwiwar mai kayan inci 40 ce. Ƙafar wando mafi tsawo a cikinsu, daga hantsa zuwa bakin ƙafa, inci 32. Idan aka cire wurin da yadin ke lanƙwasa kusa da hantsa, wanda ba ya kwanciya a shimfiɗe, abin da ya rage bai wuce inci 29 zuwa 30 ba. Babu yadda za a yi a sami ƙyalle ɗaya da zai sauko daga kafaɗa har gwiwa. Dole a yi haɗi a wani wuri, kuma telar ta zaɓi ƙugu, domin a nan ido ya saba ganin ɗinki: saman jaket inci 16, ƙasanta inci 24.

Dabarar da ta fi burge ni a aikin gaba ɗaya ita ce yadda ta fitar da ƙasan. Ƙafar wando idan aka buɗe ta, faɗinta a cinya ya fi na bakin ƙafa. A manyan wandunan nan, cinya ta kai inci 24, bakin ƙafa kuma inci 16. Sai ta juya ƙafafun sama-ƙasa: siririn ɓangaren ya koma ƙugu, faffaɗan ya koma ƙasa. Jaket ɗin ta sami buɗewar da ake so ba tare da an ƙara ko ƙyalle ɗaya ba. Kuma da yake juyawa ce aka yi ba kifewa ba, layukan saƙar jins da ke tafiya a karkace sun ci gaba da fuskantar ɓangare ɗaya, babu wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa.

Lissafin ya tashi kamar haka. Ƙasan jaket zai ci ƙafafu huɗu. Samanta zai ci biyu, ɗaya a fitar da baya, ɗaya a fitar da gaba biyu. Hannuwa za su ci biyu, kuma ƙafar wando dama siffar hannun riga gare ta, faɗi a sama, tsukewa a ƙasa. Ƙafafu takwas ke nan, wanduna huɗu cif, babu rara. Ke nan idan wando ɗaya ya fita daga lissafi, jaket ɗin ta rasa hannuwa.

Gardamar wando na uku

Wando na uku ya fita daga lissafi. Telar ta kama gwiwarsa ta ja, ta saki, yadin bai koma yadda yake ba. A cinya kuma akwai 'yan tudu-tudu kamar yadin ya yamutse, da wasu siraran fararen zaruruwa da suka leƙo waje. Zaren robar ya mutu.

Wannan zaren, wanda masanin sinadarai Joseph Shivers ya ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1958 aka riƙa sayar da shi da sunan Lycra, shi ne ya sa wando ke bin jiki. Amma zafi na kashe shi, bilic na kashe shi, tsufa ma na kashe shi, kuma ba ya mutuwa baki ɗaya a lokaci guda. Wani wuri yana nan da ransa yana ja, wani wuri ya saki. Idan aka haɗa irin wannan da yadi mai kauri wanda ba ya miƙewa ko kaɗan, ɗinkin zai yi kyau ranar da aka gama shi, amma da an fara sa rigar, ɓangare ɗaya zai zazzago ya bar ɗaya a tsaye.

Mai kayan ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Haba Malama, ai saboda wannan kalar na ce a yi jaket ɗin. In babu shi, ina hasken zai fito?"

Telar ta ce, "Hajiya, in na sa shi a jiki ko a hannu, wata biyu ba za ki yi ba za ki dawo min da ita. Ki bari in sa shi inda ba ya ɗaukar nauyi."

Zaɓi uku ta gabatar mata. A yi jaket ɗin babu hannu. Ko a sayo sabon yadin jins a cike gurbin. Ko kuma mai kayan ta koma ta nemo wani wandon. Na farko ta ƙi shi, domin tana son hannu. Na biyu telar ce da kanta ta hana, kuma a ganina ta yi daidai. Sabon yadi bai gama tsukewa ba, alhali tsofaffin wandunan sun gama nasu tuntuni, don haka wankin farko zai sa sabon ya ja tsohon. Ban da haka, sabon launi a tsakiyar tsofaffi yana fita daban, duk wanda ya kalla zai gane ciko ne. Aka tsaya a kan na uku, da sharuɗɗa da telar ta lissafa mata: na maza, mafi girman lambar da za ta samu, auduga zalla, mai haske, ta ɗaga shi a rana ta duba cinya da gwiwa, kuma kada zif ko aljihu su dame ta tunda ba su ake nema ba. Ta dawo da wando na biyar, babba, ya koɗe sosai, zif ɗinsa a lalace. Ga mai neman wandon sawa ba shi da amfani, amma ga wannan aikin ya fi sauran duka dacewa.

Wandon robar bai tafi a banza gaba ɗaya ba. An yanko daga ƙaurinsa, inda yadin ke da sauran ƙarfi, aka manna masa yadin ƙarfafawa mai gam ta ciki don ya daina miƙewa, aka fitar da kwala da murfin aljihu biyu. Kalar da mai kayan ke so ta samu wuri kusa da fuskarta.

Farke ɗinki

Kusan rabin lokacin aikin a nan ya tafi. Mai gaggawa zai sa almakashi ya yanke gefen ɗinki ya wuce, amma duk yankan da aka yi haka yana cin kusan inci ɗaya na faɗi, kuma lissafin nan ba shi da rarar da za a zubar. Telar ta farke ɗinkin gefen waje na kowace ƙafa, ta bar ɗinkin ciki mai layi biyu a tsakiyar ƙyallen ya zama ado. Wasu daga cikin ɗinkunan na sarƙa ne, irin wanda in ka kamo zaren da ya dace daga ƙarshen da ya dace zai warware gaba ɗaya kamar zaren bakin buhu. Sauran sai da reza, ɗinki bayan ɗinki.

Ƙusoshin jan ƙarfe da ke bakin aljihu ta cire su da filaya tun da wuri. Su ne abin da tela Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1873 don kada aljihun ma'aikata ya riƙa yagewa, kuma har yau suna nan a jikin jins. Ga mai sauya fasali kuwa, allura ta hau kansu sau ɗaya ta karye.

Farkewar ta fito da abin da sabon yadi ba zai taɓa bayarwa ba. Da aka ɗaga aljihun baya na wando na biyar, sai ga siffar aljihun a ƙasa da shuɗi mai duhu, launin wandon na asali da rana da wanki ba su taɓa ba, an zagaye shi da 'yan ramukan allura. Haka ma kalmasar bakin ƙafa, da aka warware ta sai ga layuka uku, duhu, haske, duhu. Mai kayan ta ɗauka tabo ne za a ɓoye. Telar ta ce a bar su a fili, ta kuma ɗora aljihunan da ta cire a gaban jaket ɗin. Gwiwar wando na farko da ta yi laushi ta sa mata faci ta ciki, ta bi shi da jerin gajerun ɗinkin hannu da farin zare, irin salon da Japanawa ke ƙarfafa tsofaffin tufafinsu da shi, wanda suke kira sashiko.

Haɗi

Haɗin kansa bai zo da wani abin mamaki ba. Allura lamba 16, zare mai kauri a sama don ɗinkin ado, tsawon ɗinki ya fi na atamfa. Inda tsohon ɗinki ya gamu da sabo har yadi ya ninku shida ko takwas, ta daddaka wurin da guduma a kan katako kafin ta sa a keke, ta kuma juya keken da hannu har ta wuce tudun. Ta tsara launukan ta yadda ƙyalle mafi duhu bai yi maƙwabtaka da mafi haske ba. Ba ta sa shafi ba saboda nauyi, sai ta naɗe bakin ɗinkunan ciki da siririn ƙyallen auduga. Hannuwa daga wando na huɗu suka fito, wanda ya fi sauran sauƙin nauyi, kuma kalmasarsa ta asali ita ce ta zama bakin hannu.

Jaket ɗin ta fito da kyau, ta zauna a jikin mai ita. Ba ta yi kama da hoton sak ba, domin tana da haɗi a ƙugu wanda ta hoton ba ta da shi, amma mai kayan ta karɓa da murna.

Abin da wanki ya tona

Bayan wankin farko mai kayan ta dawo da jaket ɗin. Launi bai zuba ba, kwala ba ta motsa ba, facin gwiwa na nan. Amma gaban hagu, daga ƙugu zuwa ƙasa, ya murɗe. Bakinsa ya karkato ciki, ƙasansa ya fi na dama sauka da kusan inci ɗaya.

Duk mai sa jins ya san wandon da ɗinkin gefensa ke zagayowa gaban ƙauri bayan an sha wanke shi. Saƙar jins a karkace take tafiya, kuma idan ruwa ya shiga yadin yakan bi wannan karkatar ya murɗa. Matsalar ta daɗe da damun masu yin wandon, har kamfanin Wrangler ya fara amfani da wata saƙa mai sauya alkibla a 1964 don magance ta. Ƙafar wando na biyu da aka yi gaban hagu da ita tana da wannan murɗewar. Lokacin yanka, telar ta gan ta, sai ta fesa ruwa, ta ja ƙyallen, ta danne shi da dutsen guga har tsohon ɗinkin ya miƙe sambal, sannan ta yanka. A sabon yadi wannan dabarar tana aiki sau da yawa. A yadin da ya yi shekaru a murɗe, guga na riƙe shi ne kawai zuwa ranar da zai sake shan ruwa.

Gyaran ya bi akasin abin da aka yi da farko. Ta farke gaban hagu daga ƙugu, ta jiƙa shi, ta shimfiɗa shi ya bushe ba tare da ta ja shi ba, ta bar shi ya kwanta yadda ya ga dama. A haka ta sake zana bakin gaba da alli ta yanka. Tsohon ɗinkin da ke tsakiyar ƙyallen ya koma a ɗan karkace, kuma ta bar shi a haka. Ta ɗinka siririn tef na auduga wanda ba ya miƙewa a cikin bakin, ta daidaita ƙasan jaket ɗin gaba ɗaya. Gaban ya rasa kusan inci ɗaya na faɗi, abin da jaket mai buɗaɗɗen gaba za ta iya jurewa. Da riga ce mai botin, da sai an nemo wata ƙafar wando. An sake wanke ta kafin a mayar wa mai ita, bakin bai ƙara motsi ba.

Kuɗin aiki da ragowar kaya

Sun yi ɗan ja-in-ja kan kuɗin ɗinki tun da farko, kuma ina ganin wannan ne wurin da masu irin wannan sana'a suka fi cutuwa. Mai kayan ta zaci tunda wandunan da araha ta same su, ɗinkin ma zai yi araha. Alhali telar ta yi wanki, ta yi gwajin launi, ta yi farka, ta yi lissafin da ba a yi wa sabon yadi, ta karya allura, sannan ta ɗinka jaket. Ta caji fiye da abin da take caja in an kawo mata sabon yadi, kuma haƙƙinta ne. Gyaran gaban hagu kuwa ba ta karɓi komai a kansa ba.

Akwai hujjar da ake yawan kawowa don ƙarfafa irin wannan aiki, kuma gaskiya ce. Binciken da kamfanin Levi Strauss ya fitar a 2015 ya nuna wandonsa ɗaya samfurin 501 na cin ruwa lita 3,781 daga gonar auduga har ƙarshen amfaninsa. Rahoton gidauniyar Ellen MacArthur na 2017 kuma ya ce ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kayan da ake yin tufafi da su ne ake sake sarrafawa su koma sababbin tufafi. Duk wandon da aka tsawaita ransa an rage ɓarna. Sai dai wannan aikin ya nuna iyakar abin. Wanduna biyar suka shiga, jaket ɗaya ta fito, kuma aka bar tulin ƙugu biyar, zif biyar, yankunan hantsa, da mafi yawan wandon robar. Telar ta haɗa ƙugunan ta yi wa jaket ɗin ɗamara, ta ajiye zif uku masu kyau don wani aikin, manyan ƙyallayen kuma sun isa ƙaramar jaka. Sauran wandon robar ne ba a sami abin yi da shi ba, kuma irinsa ne masana'antu ma ke wahalar sarrafawa, saboda raba auduga da roba bayan an saƙa su tare aiki ne mai wuya.

Tun daga wannan aikin telar ta sauya yadda take karɓar irinsa. Ba ta yanke kuɗi sai ta wanke kayan ta auna su. Kuɗin farka daban take faɗinsa, na ɗinki daban, don mai kaya ya san abin da yake biya. Kuma duk wanda ya nuna mata hoto kafin ya sayi kayan, takan rubuta masa abin da zai nema a takarda: yawan wandunan, girmansu, irin yadin, da wuraren da zai duba a rana, sannan ta ce ya ƙaro ɗaya a kan lissafin.